Dalilan da Ke Sa Furosesar Kwamfutar Cinya Ta Maƙale a Ƙaramin Gudu

Furosesa, wato ƙwaƙwalwar da ke sarrafa duk umarnin da aka bai wa kwamfuta, tana aiki ne da bugu irin na agogo, kuma ana auna yawan bugun da gigahaz, wanda kowane ɗaya yake nufin bugu biliyan ɗaya a daƙiƙa guda. Lafiyayyar kwamfutar cinya takan haura gigahaz 2 ko 3 idan aiki ya yi nauyi, ta sauko idan ya yi sauƙi. Matsala tana bayyana ne idan aka duba Task Manager a Windows aka tarar gudun ya tsaya cak a 0.79 ko 0.39, komai nauyin aikin da aka ɗora mata.

Galibi furosesar ba ta lalace ba, kare kanta take yi. A furosesocin Intel akwai wani saƙon gaggawa mai suna BD PROCHOT, wanda sauran sassan kwamfutar ke aika mata idan sun ji zafi ya yi yawa ko wutar da ke shigowa ba ta isa ba, ita kuwa nan take sai ta koma gudu mafi ƙanƙanta. Zafi sananne ne a Gusau da Tsafe da Bungudu, inda bazara kan kai maki 40, bayan ƙurar hunturu ta riga ta toshe fanka da mafitar iska. Maganinsa a buɗe a kakkaɓe, a kuma sabunta man sanyaya da ke tsakanin furosesa da ƙarfen da ke janye mata zafi.

Sai dai abin da aka fi mantawa da shi shi ne caja. Yawancin kwamfutocin da ɗalibai da masu shagunan buga takardu ke saya na hannu ne, kuma sau da yawa cajar da ake haɗa su da ita ba tasu ba ce. Cajojin Dell da HP masu zagayayyen baki suna da siririyar allura a tsakiya, wadda ta nan kwamfuta ke gane ƙarfin cajar, idan kuwa allurar ta karye ko cajar jabu ce, sai ta rage gudu da gangan. Gwajin ba ya cin ko kobo: a zare caja a bar kwamfutar a kan batir, in gudun ya tashi to laifin na caja ne ko ramin da ake soka ta. Wannan ya fi muhimmanci ga mazauna garuruwa irin su Kekun Waje, waɗanda zuwa wurin mai gyara a Gusau yake cinye musu kuɗin mota da yini guda.

Akwai manhajar ThrottleStop da ke toshe saƙon BD PROCHOT, gudun ya dawo nan da nan, amma amfani da ita kafin a tabbatar cewa saƙon na ƙarya ne ganganci ne, domin kumburarren batir ko sashen da ya ɗau zafi zai ci gaba da lalacewa ba tare da gargaɗi ba. Haka kuma sake ɗora Windows, wanda wasu masu gyara ke gaggawar yi, ba ya taɓa ƙura ko caja, ga haɗarin salwantar da takardun mai kwamfutar. Ya kamata mai gyara ya auna zafi, ya gwada wata caja ta asali, kafin ya karɓi kuɗin kowa.