Magen da Ta Bugu: Tsadar Rassan Labari a Wasannin Bidiyo

A ƙarshen shekarar 2015, masu buga wani gem na kwamfuta mai suna Dwarf Fortress suka fara kai kuka iri ɗaya: magunansu na mutuwa. Mutum zai leƙa mashayar da ya gina wa wadanninsa a cikin wasan, ya tarar da mage kwance cikin amai, rai ya yi halinsa. Ba wanda ya taɓa ta, ba kuma wanda ya rubuta cewa haka za ta faru.

Tarn Adams, Ba'amurken da ke gina wasan tare da yayansa Zach tun 2002, shi ya bi sawun abin. Ashe wadannin kan zubar da giya a ƙasa idan aka kira su aiki, mage kuma ta bi ta kai ta jiƙa ƙafafu. Can baya Adams ya taɓa saka dokar cewa mage tana lasar jikinta don ta tsabtace shi. Sai wani kuskuren lissafi ya sa kwamfuta take ɗaukar kowace lasa tamkar an kwankwaɗi kofi guda cike. Jikin mage kuwa nawa yake?

An gyara kuskuren, amma labarin ya ci gaba da yawo har yau, alhali ba a biya marubuci ko kwabo a kansa ba. Wannan ya taɓo abin da ke hana ƙananan masu ƙirƙirar gem barci. 'Yan wasa suna son labarin da su ke juya akalarsa, wanda zaɓinsu zai canza makomar jarumi. Mai ƙirƙira kuma yana da mutum biyu ko uku da kuɗin da ba zai kai shekara biyu ba.

Hanyar da kowa ke fara tunani ita ce rubuta rassa. A ce a babin farko an kama ɓarawo, ɗan wasa ya zaɓa: ya sake shi ko ya miƙa shi ga dogarai. Hanya ta rabu biyu ke nan. In kowace ta sake rabuwa biyu, haka har sau 10, za a wayi gari da ƙarshe 1,024. In aka kai mararraba 20, an haura miliyan ɗaya. Kowane reshe kuma yana son a rubuta shi, a zana shi, a ɗauki muryarsa, a gwada ko yana aiki. Abin takaicin shi ne wanda ya buga wasan sau ɗaya hanya ɗaya tak zai gani, sauran kuɗin duk sun tafi a kan ɗakunan da bai shiga ba.

Masu hannu da shuni sukan iya. Kamfanin Larian na Beljiyam ya fitar da Baldur's Gate 3 a 2023 bayan aikin kimanin shekara shida, da ma'aikata sama da 400, kuma ya ce hotunan fim da ke cikin wasan sun kai awa 174. Amma ko manya sukan yi tuntuɓe. A watan Maris na 2012 kamfanin BioWare na Kanada ya rufe jerin wasanninsa uku da Mass Effect 3. Tun 2007 mutane ke tara zaɓinsu daga wasa zuwa wasa, sai suka tarar babban bambancin da ido ke gani a ƙarshe shi ne launin haske: ja, shuɗi ko kore. Aka yi ta tayar da jijiyar wuya har kamfanin ya fitar da ƙarin bayani kyauta a watan Yuni.

Ƙananan da suka yi nasara mafi yawansu dabara suka yi wa lissafin. A 2013 Toby Fox ya nemi tallafin dala 5,000 a dandalin Kickstarter don ya yi Undertale, jama'a suka tara masa 51,124. Wasan ya fito a 2015 da zane mai sauƙi, ba muryar ɗan wasan kwaikwayo. Ko ɗan wasa ya zaɓi tausayi ko ya zaɓi kisa, garuruwan da zai ratsa kusan ɗaya ne. Abin da Fox ya zuba ƙarfinsa a kai shi ne wasan ya riƙa tunawa. Akwai Toriel, wata uwa mai kama da akuya da ke riƙon jarumin a farkon tafiya. Mutane da yawa sun kashe ta bisa kuskure, suka ji ba daɗi, suka koma baya suka sake bugawa don su bar ta da rai. Suna fitowa sai wani fure mai magana, Flowey, ya tare su ya gaya musu cewa ya san abin da suka aikata a karon farko. 'Yan layuka ne na rubutu, ba su ci kuɗin a-zo-a-gani ba, amma wanda abin ya faru da shi ba ya mantawa.

Rubutu shi ne kaya mafi araha a wannan sana'a. Ƙaramin kamfanin inkle da ke Kambirij a Ingila ya gane haka da ya yi 80 Days a 2014, bisa littafin Jules Verne na zagaya duniya cikin kwana tamanin. Meg Jayanth ce ta jagoranci rubutun, wanda daga baya ya kai kalmomi 750,000. Hanyoyi sun yi yawa kamar jijiyar ganye, amma duk daga Landan suke tashi, can kuma suke nufa. Mujallar Time ta zaɓe shi gwarzon gem na shekarar, kuma a 2016 kamfanin ya saki ink, manhajar da yake rubutu da ita, kyauta ga kowa.

Murya kuwa tarko ce ga mai ƙaramin jari, domin da zarar an ɗauke ta, gyara jimla ɗaya na nufin a sake kiran mai muryar a sake biyansa. Masu Disco Elysium, waɗanda asalinsu 'yan ƙasar Istoniya ne, sun fitar da wasansu a 2019 da kalmomi kimanin miliyan ɗaya, amma kaɗan ne aka sa wa murya. Sai a 2021, bayan kasuwa ta buɗe kuɗi sun shigo, suka cike sauran.

Ɗaya hanyar ita ce ta magen nan: a kafa dokoki, a bar su su haifi labari. Duk wanda ya taɓa zama a gindin bishiya ana dara ya san yadda abin yake. Gurabe 30 ne, kowa da 'ya'yansa 12, amma ba a taɓa rasa abin ba da labari bayan an tashi. Sai dai wannan ma ba kyauta ba ce, kuɗinta a gwaji yake tafiya, kuma faɗi kaɗai ba ya ƙosar da kowa. Ma'aikatan kamfanin Hello Games, su kimanin 15, sun fitar da No Man's Sky a 2016 da duniyoyin da adadinsu ya kai 18 da sifiri 18 a bayanta. 'Yan wasa suka sauka a goma, suka ga ta sha ɗaya ba ta da wani sabon abu, ga kuma alkawuran da ba a cika ba. Sai da kamfanin ya shafe shekaru yana ƙari kyauta kafin ya wanke kansa.

Akwai kuma kuɗin da ba a gani a allo. Kasuwar Steam tana karɓar dala 100 kafin a ɗora wasa, sannan ta cire kashi 30 cikin 100 na ciniki, kuma a 2023 kaɗai wasanni sama da 14,000 ne suka shiga cikinta. Wanda ya ƙarar da jarinsa a kan ƙarshe na bakwai da na takwas, bai ajiye na talla da fassara da masu gwaji ba, wasansa zai nutse ba a ji ɗuriyarsa ba. Lokaci ma jari ne: Eric Barone ya yi shekara huɗu da rabi shi kaɗai a kan Stardew Valley, yana aikin nuna wa 'yan kallo kujera a wani gidan wasan kwaikwayo na Seattle don ya samu na cefane.

Su kuwa 'yan'uwan nan biyu, Tarn da Zach, tun 2006 suke raba Dwarf Fortress kyauta, da haruffa da alamomin rubutu a matsayin hoto, har mage ma harafi ɗaya ce a allo. A shekarun farko da gudummawar masoya wasan suka rayu. Sai a Disamban 2022, shekara 16 bayan fitowarsa, suka sa masa zane na gaske suka kai shi Steam. A watan farko aka sayi kusan kwafi 500,000.