Sunan Alkene Ba Haddace Shi Ake Yi Ba, Gina Shi Ake Yi

'Yan uwa ɗalibai, musamman 'yan ND 1 na SLT, na lura da yawanmu kan zubar da maki a kemistiri wajen raɗa wa sinadarai suna, har ta kai wasu ga kariyoba. Alhali ƙa'idar IUPAC, ƙungiyar da aka kafa a 1919, ba ta da wuya idan aka bi ta daki-daki.

Kowane suna gida biyu ne. Farkonsa yana faɗin yawan kabon: meth ɗaya, eth biyu, prop uku, but huɗu, pent biyar, hex shida. Ƙarshensa kuma yana faɗin dangi. Idan igiya ɗaya ce tsakanin kowane kabon da maƙwabcinsa, to -ane ne, kamar propane da butane da ke cikin tukunyar gas ɗin girki. Idan akwai igiya biyu, -ene ne, kamar ethene da ake yin leda da shi. Igiya uku kuwa -yne ne, kamar ethyne da masu walda ke samu daga kabaid. Shi ya sa babu wani abu wai shi methene: igiya biyu sai da kabon biyu.

Ga yadda nake bi da alkene. Da farko ina nemo sarƙar kabon mafi tsawo wadda igiya biyun ke cikinta. Sai in fara ƙirga daga ƙarshen da ya fi kusa da igiyar. Daga nan in rubuta rassa da lambobinsu a gaba.

Mu ɗauki CH3-CH(CH3)-CH=CH2. Sarƙar kabon huɗu ce, wato but. Daga dama igiya biyun tana kan kabon na 1, reshen methyl kuma yana kan na 3. Sunansa 3-methylbut-1-ene. A nan ne mutane ke faɗawa rami: sai su ƙirga daga hagu don reshe ya samu ƙaramar lamba, su rubuta 2-methylbut-3-ene. A'a, igiya biyu ce ke da fifiko, reshe ya jira.

Kar kuma ka raina lambar. But-1-ene da but-2-ene duk C4H8 ne, amma sinadarai ne daban. Idan ka ga 1-butene a tsohon littafi, kar ka ruɗe, but-1-ene ne a tsohon salon rubutu.

Shawarata: kullum ka zana sinadari biyar, ka raɗa musu suna, ka ba abokinka ya mayar da sunayen zane. Idan zanenku ya zo ɗaya, ka gane. Allah ya ba mu sa'a.