3.2 Amfani da 'Yan Jakunkunan Maiƙo Wajen Kai Magani ga Ciwon Daji

Babbar matsalar maganin ciwon daji, wato sankara, ita ce ba ya bambance ƙwayar halitta mai cuta da lafiyayya. Alal misali, doksorubisin yana kashe ƙwayoyin sankara, amma idan ya taru a jiki yakan raunana zuciya. Wannan ne ya sa masana suka karkata ga mazubin da za a ɗauki maganin a ciki.

Mazubin da aka fi sani shi ne lifosom. 'Yar jaka ce ta maiƙo mai ruwa a cikinta, wadda Alec Bangham ya bayyana a Ingila a 1965. Faɗin wadda ake ɗura wa magani kimanin nanomita 100 ne, wato sai an jera guda 10,000 kafin su kai milimita ɗaya. Jijiyoyin jinin da ƙari ke tsirarwa cikin gaggawa suna da kafofi, saboda haka jakar kan zurara ta nan ta taru a cikin ƙarin, alhali jijiyoyin zuciya a matse suke. Matsumura da Maeda ne suka bayyana wannan hali a Japan a 1986. A 1995 kuma Amurka ta amince da Doxil, wato doksorubisin a cikin lifosom, wanda illarsa ga zuciya ta ragu.

Sai dai kai maganin daidai inda ake so bai tabbata ba. Wani nazari na 2016 a kan gwaje-gwajen dabbobi ya nuna cewa kashi 0.7 cikin 100 kawai na abin da aka yi allura ke isa ga ƙarin. Kaso mai yawa yakan maƙale a hanta da saifa, inda ƙwayoyin garkuwar jiki ke haɗiye jakunkunan a matsayin baƙin abu.

Abin lura a nan shi ne, wannan cikas ɗin ya zama hanya. Tun da ƙwayoyin garkuwa na haɗiye lifosom, sai aka ɗura masa sinadarin da ke zaburar da su. Haka Mepact yake aiki, wanda Tarayyar Turai ta amince da shi a 2009 domin sankarar ƙashi ta yara da matasa. Har ila yau, a 1998 Zitvogel da abokan aikinta a Faransa sun yi amfani da ekzosom, 'yan jakunkunan da ƙwayoyin halitta ke fitarwa da kansu, suka sa garkuwar ɓeraye ta yaƙi ƙari. Gwajin da aka yi a kan mutane daga baya bai kai ga irin wannan nasara ba.