Ilmin Gwajin Manhaja da Bin Sawun Kuskure: Abin da Ya Shafi Rubutun Harsunan Ƙasa

A yau da wuya littafin yaƙi da jahilci, ko ƙamus, ko jerin sunayen masu koyo ya isa hannun mai karatu ba tare da ya bi ta cikin na'ura mai ƙwaƙwalwa ba. Umarnin da ke tafiyar da na'urar, watau manhaja, ɗan Adam ne ya rubuta shi, saboda haka ba a raba shi da kuskure. Akwai fannin ilmi da ya keɓanta da wannan al'amari, mai farfesoshinsa da mujallunsa. Rassansa biyu ne. Na farko gwaji, watau a ba manhaja aiki da gangan a ga ko za ta kasa. Na biyu bin sawun kuskure, watau idan ta kasa a gano ainihin inda ɓarnar ta taso. Tun 1969 masanin ƙasar Holan Edsger Dijkstra ya yi gargaɗi cewa gwaji yana iya nuna akwai kuskure, amma ba ya iya tabbatar da babu shi.

Rayuwar aikin Andreas Zeller, mutumin Jamus, ta isa misalin yadda ake gina sana'ar bincike a wannan fanni. Ya sami digirin dakta a Braunschweig a 1997, ya zama farfesa a Jami'ar Saarland a 2001, ya wallafa littafinsa Why Programs Fail a 2005, kana ya shiga cibiyar bincike ta CISPA a 2019. Abin da ya fito da sunansa dabara ce da ya bayyana a 1999. Idan manhaja tana aiki jiya, yau ta ƙi, sai a raba canje-canjen da aka yi mata gida biyu, a gwada kowane kashi, a riƙe wanda ke ɗauke da matsalar, a sake raba shi, har a tsaya a kan ƙwaya ɗaya. Na'urar ce da kanta ke maimaita gwajin. Ta haka ya tace layi 178,000 da aka canja a wata manhaja mai suna GDB har ya ware canji guda mai laifi. A wani aikin da ya yi tare da Ralf Hildebrandt, wanda ya fito a 2002, shafi mai layi 896 da ke durƙusar da manhajar Mozilla ya koma layi ɗaya tak.

Sai dai dabarar tana da sharaɗi. Kafin na'ura ta ce gwaji ya ci ko ya faɗi, dole a sami wanda ya san amsar daidai tun farko. Elaine Weyuker, masaniyar Amurka, ta yi nazarin wannan matsala a 1982. Idan manhaja ta mutu murus, kowa na gani. Amma idan ta mai da ƙafa kafa, ko baƙi baki, ba ta mutu ba, ba ta kuma yi ƙara ba. Mai shirya manhaja da bai ji Hausa ba zai ce lafiya lau. A nan ne fannin yake buƙatar masanin harshe, domin shi ne alƙalin gwajin.

Gure, babban garin ƙasar Muniyo a kan hanyar Damagaram zuwa Difa, wuri ne da matsalar ke fitowa fili, gama Barebari Mangawa da Hausawa suna zaune tare, kuma mai tsara karatun manya yana buƙatar takardu cikin harsunan biyu. Dokokin 1999 da suka tsai da ƙa'idojin rubutu a Nijar, mai lamba 212 ga Hausa da mai lamba 213 ga Barbarci, sun tanadi baƙaƙen da allon Faransanci ba shi da su: ɓ, ɗ, ƙ, ƴ a Hausa, ǝ da ɍ a Barbarci. Tsarin Unicode, wanda ke ba kowane baƙi lambarsa a duniya duka, bai karɓi ɍ ba sai a 2006. Shi kuwa ǝ na kalma irin kǝla, watau kai, yana da tagwai: lambobi biyu ne daban, 01DD da 0259, waɗanda ƙananansu ido ba ya iya rarrabewa, amma manyansu sun saɓa, Ǝ da Ə. Magatakarda biyu suna iya buga kalma ɗaya, a takarda ba bambanci, a cikin na'ura kuwa kalmomi biyu ne. Mai nema a ƙamus zai sami ɗaya ya rasa ɗaya, mai ƙirga kalmomi don littafin farko zai ƙirga ba daidai ba, ba kuwa wanda zai sani.

Hausa ma tana da nata tarkon. Abin da Nijar ke rubutawa ƴa, Nijeriya tana rubuta shi 'ya, kuma alamar hamza tana da lambobi aƙalla huɗu da ake sa wa a madadin juna. Manhaja da yawa suna ɗaukar ta iyakar kalma, sai jama'a ta rabu biyu, jama da a. Wajen jera kalmomi kuma, na'urar da ba a koya mata ba takan jefa ƙ can bayan z, alhali gurbinsa yana bayan k.

An riga an ɗanɗana wannan wahala. A aikin DiLAF, wanda Chantal Enguehard ta Jami'ar Nantes da Mathieu Mangeot suka gudanar tare da masana na Nijar, ciki har da na INDRAP, an juya ƙamus na Hausa, Barbarci, Zabarmanci da Buzanci daga takardun Word zuwa tsarin da ake iya bincikawa ta intanet. Sashe babba na aikin ya tafi ne wajen sauya baƙaƙen tsofaffin zane-zanen haruffa, waɗanda aka ƙera kafin Unicode ya yaɗu, da kuma gano wuraren da ba a bi tsari ɗaya ba. Gwaji ne da bin sawu, ko da ba a kira shi haka ba.

Tun da kundin sake gina ƙasa na 2025 ya ayyana Hausa harshen ƙasa, ana sa ran takardun da za su ratsa na'ura za su ƙaru. Ɗalibin Jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai ko ta André Salifou ta Damagaram da ke son wannan fanni ba ya buƙatar kayan aiki masu tsada, sai kwamfuta guda da malami mai duba aikinsa. Abin da ba zai iya samar wa kansa ba shi ne ma'aunin: jerin kalmomi tantattu, kowace da rubutunta na ƙa'ida, da lambobin baƙaƙenta, da gurbinta a jerin abacada, da karin harshen da ta fito. Tattara wannan jeri aikin cibiyoyin nazarin harshe ne, kuma ya kamata ɓangaren Barbarcinsa ya haɗa da karin Manga kamar yadda ake yin sa a Gure.