Mai da Kitse a Cikin Abinci

Jikin mutum ba ya zama lafiya sai da mai, amma ba duk mai ne iri ɗaya ba. Ku duba man shanu da kitsen rago, da hunturu sai su daskare. Man gyaɗa da man riɗi kuwa suna nan ruwa-ruwa abinsu.

A shekarar 1929 wani masani a Amurka, George Burr, da matarsa Mildred suka riƙa ba ɓeraye abincin da ba mai ko kaɗan. Ɓerayen suka daina girma, fatarsu ta bushe. Da aka ɗiga musu ɗan mai a abinci, sai suka warke. Daga nan aka gane akwai man da jiki ba ya iya yi da kansa, tilas sai an ci. Iri biyu ne, ana kiransu omega 6 da omega 3.

Omega 6 yana da yawa a man gyaɗa, da man riɗi, da man angurya. Omega 3 kuwa a kifin teku mai maiƙo ya fi yawa, kamar sadin. Akwai kaɗan kuma a waken suya.

To, mene ne haɗin wannan da ƙiba? Idan mutum ya ci fiye da abin da jikinsa ke bukata, sauran yakan zama kitse, ya taru a ciki da hanta. Daga nan ciwon sukari, da hawan jini, da ciwon zuciya sukan sami ƙofa. Omega 3 yana rage maiƙon da ke yawo cikin jini, yana kuma taimakon hanta. Man gyaɗa a madadin kitse ya fi wa zuciya sauƙi.

Amma kada ku zaci omega maganin teɓa ne. Kowane irin mai, giram ɗaya yana ba da kalori 9, alhali giram ɗaya na sukari 4 kaɗai yake bayarwa. Saboda haka man kirki ma, in ya yi yawa, ƙiba yake kawowa. Likitoci suna ba da shawara a ci kifi sau biyu a mako, a rage soye-soye, a riƙa motsa jiki.

Tambayoyi
1. Me ya sami ɓerayen da aka hana wa mai?
2. A wane abinci ake samun omega 3?
3. Faɗi cututtuka uku da ƙiba ke jawowa.