Ko Kun Sani? Ciwon Hanta Yana Iya Kumbura Jijiyoyin Jini

Ƙwayar cutar hanta nau'in B ba hanta kaɗai take illatawa ba. A 1970 likitoci a Amurka da Faransa suka gano ta a jinin masu fama da wani mugun kumburin jijiyoyin da ke kai jini ƙoda da hanji da gaɓoɓi. Garkuwar jiki ce ke jawo ɓarnar: makamanta na manne wa ɓurɓushin ƙwayar, su dunƙule su maƙale a bangon jijiya, sai wurin ya kumbura, jini ya kasa wucewa. Daga nan hawan jini da matsanancin ciwon ciki da mutuwar ƙafa ke biyowa. Wani zai ce ai akasarin masu ciwon hanta ba sa gamuwa da wannan. Haka ne, amma da Faransa ta tsananta tantance jinin da ake ƙara wa majiyyata, ta kuma yawaita rigakafi, kumburin da ƙwayar ke haddasawa ya ragu matuƙa, kuma wannan hujja ce mai ƙarfi cewa ƙwayar ce sanadi. Nijeriya, inda ciwon ya yawaita, ta sanya allurarsa cikin rigakafin jarirai tun 2004.