Shirin Musamman: Shari'ar Katharine Gun Da Ba A Yi Ba

Yau Birtaniya muka nufa, za mu koma shekarar 2003, mu ji labarin wata ma'aikaciyar leƙen asiri da ta kwarmata sirrin gwamnati. An kama ta, an tuhume ta, amma ranar da aka taru za a yi shari'a, gwamnatin da ta kai ta ƙara ta ce ba za ta kawo shaida ba. Sai a gyara zama.

Sunanta Katharine Gun. A Taiwan ta tashi, don haka Sinanci ya zauna a bakinta, da shi kuma ta samu aikin fassara a GCHQ, hukumar Birtaniya mai satar sauraren wayoyi da tatsar saƙonni, wadda hedikwatarta ke garin Cheltenham. Shekarunta 28 a lokacin.

Ranar Juma'a 31 ga Janairun 2003, wani saƙon imel ya iso ga ma'aikatan hukumar, har da ita. Daga Amurka ya fito, daga wani jami'in hukumar leƙen asiri ta NSA mai suna Frank Koza.

A wannan lokaci Shugaba George Bush da Firaminista Tony Blair sun ɗaura ɗamarar afka wa Iraƙi. Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya ya riga ya zartar da ƙuduri mai lamba 1441 a Nuwamban 2002, amma Blair na neman ƙuduri na biyu da zai halatta yaƙin ƙarara. Kwamitin kujeru 15 gare shi, sai an samu ƙuri'a 9, kuma kada wata daga cikin manyan ƙasashe biyar ta hau kujerar na-ƙi. Ke nan ƙananan ƙasashen da ba su tsayar da shawara ba su ne suka zama abin farauta.

Saƙon Koza ya nemi a ƙara ƙaimi wajen satar sauraren wakilan waɗannan ƙasashe a Niyok, ya kuma ambace su da suna: Angola, Kamaru, Chile, Bulgeriya, Gini da Pakistan. Masu sauraronmu na Garwa da Marwa da Ngaundere, jakadan ƙasarku na cikin waɗanda aka sa wa kunne. Gini kuwa ita ce ma ta shugabanci kwamitin a watan Maris ɗin da aka fara yaƙin. Abin da ake nema shi ne duk wani bayani da zai ba wa Amurka galaba wajen samun ƙuri'a. Katharine ta fahimci cewa lagon jakadun ake nema, don a matsa musu su ɗaga hannu.

Ta kwana da abin a ranta Asabar da Lahadi. Ranar Litinin ta koma ofis, ta buga saƙon a takarda, ta ninke, ta zura a jakar hannunta, ta fice da shi ta ƙofar da masu gadi ke tsaye. Ta miƙa wa wata ƙawarta mai adawa da yaƙin, takarda ta yi ta tafiya hannu zuwa hannu har ta kai jaridar Observer. Wata guda shiru. Ranar Lahadi 2 ga Maris ta shiga kanti, sai ga saƙon a shafin farko.

Hukuma ta fara kiran duk wanda saƙon ya bi ta hannunsa, ɗaya bayan ɗaya. Da farko Katharine ta musa. Amma ta kasa jure ganin abokan aikinta cikin zargi, ranar 5 ga Maris ta je ta ce ita ce. Daren nan a ɗakin tsare mutane na 'yan sanda ta kwana.

Ranar 17 ga Maris Amurka da Birtaniya suka janye ƙudurin, don ƙuri'u ba su cika ba, ga Faransa ta ce za ta hau kujerar na-ƙi. Ranar 20 ga wata bama-bamai suka fara sauka a Bagadaza. Yaƙin da Katharine ta so ta tare bai taru ba.

An kore ta daga aiki. Aka bar ta wata takwas tana jiran tsammani, sannan ranar 13 ga Nuwamba aka tuhume ta a ƙarƙashin sashe na 1 na dokar sirrin gwamnati ta 1989, laifin da hukuncinsa kan kai ɗaurin shekara biyu.

To, nan ne nake so mu ɗan tsaya, domin wannan doka tana da tarihi. A 1984 wani babban ma'aikacin ma'aikatar tsaro, Clive Ponting, ya ba wa wani ɗan majalisa takardu game da nutsar da jirgin ruwan yaƙin Ajantina, Belgrano, inda mutum 323 suka mutu. A kotu ya ce maslahar ƙasa ya duba. Alƙali ya nuna wa masu taya shi yanke hukunci cewa maslahar ƙasa ita ce abin da gwamnati mai ci ta ce, amma a 1985 suka wanke Ponting. Gwamnatin Margaret Thatcher ta ji zafin wannan, ta sake rubuta dokar, ta toshe ƙofar. Tun daga 1989, ma'aikacin leƙen asiri ba shi da damar ya ce wa kotu don amfanin jama'a ya yi. Tambaya ɗaya ce: ka fitar ko ba ka fitar ba? Kamar a ce gobara ta tashi a gidan maƙwabci, ka ɓalle ƙofa don ka fito da yara, alƙali ya ce shi maganar ƙofa kaɗai zai saurara.

Lauyoyin Katharine, da goyon bayan ƙungiyar kare haƙƙi ta Liberty, sai suka bi ta wata siririyar hanya: lalura. Suka ce ta yi ne don ta hana asarar rayuka a yaƙin da ba ya bisa doka. In haka ne, dole kotu ta duba ko yaƙin halattacce ne. Suka nemi a kawo shawarar da babban lauyan gwamnati, Lord Goldsmith, ya ba Blair kan halaccin yaƙin.

Washegari, 25 ga Fabrairun 2004, aka hallara a kotun Old Bailey da ke Landan. Lauyan gwamnati ya miƙe ya ce ba za su gabatar da shaida ba. Cikin abin da bai kai rabin sa'a ba aka sallame ta. Matar da ta amsa da bakinta cewa ita ta fitar da takardar! Gwamnati ta ce ba siyasa ba ce, masu gabatar da ƙara ne suka ga ba za su yi nasara ba. Ita kuwa da ta fito, ta shaida wa 'yan jarida cewa ba ta nadama, kuma ko yau za ta sake.

Kwana ɗaya bayan haka tsohuwar minista Clare Short ta ce ta taɓa ganin rubutattun hirarrakin Kofi Annan, babban sakataren Majalisar Ɗinkin Duniya na lokacin, da aka tatsa. A Satumban shekarar Annan ya ce yaƙin ya saɓa wa kundin Majalisar Ɗinkin Duniya. A Afrilun 2005 aka fito da shawarar Goldsmith ta ranar 7 ga Maris 2003, sai aka ga cike take da ɗari-ɗari, har ya ce hanya mafi aminci ita ce a samu ƙuduri na biyu. Kwana goma bayan rubuta ta, ya shaida wa majalisa a taƙaice cewa yaƙin halal ne. Kowa sai ya auna da kansa abin da ya sa ba a so wannan takarda ta shiga kotu.

A Amurka ma haka zancen yake. Edward Snowden, wanda ya fallasa a 2013 cewa NSA na tattara bayanan kiran wayar miliyoyin Amurkawa, an tuhume shi da dokar leƙen asiri ta 1917, wadda ita ma ba ta sauraren dalili. A 2020 wata kotun ɗaukaka ƙara ta ce shirin da ya tona ya saɓa wa doka. Duk da haka tuhumar na kansa, yana zaune a Rasha.

Masu sauraro, kada a ji ni ba daidai ba. Amana abu ce mai nauyi, kuma ba ƙasar da za ta zauna lafiya in kowane ma'aikaci zai kwashi takardu ya kai kasuwa. Akwai sirrin da in ya fita, wani zai rasa ransa. Wanda ya sayar da sirri don kuɗi, ko ya miƙa wa abokan gaba, a hukunta shi. Amma Katharine takarda ɗaya tak ta fitar, ba ta karɓi ko sisi ba, ba ta gudu ba, ta kai kanta. Dokar da ta ɗaura irinta da maci amana da igiya ɗaya, ta hana alƙali jin bambancinsu, gwamnati mai ci take karewa, ba ƙasa ba. Ni a ganina zalunci ne a gurfanar da mutum, sannan a hana shi faɗin abin da ya sa.

A 2020 hukumar da ke ba gwamnatin Birtaniya shawara kan gyaran dokoki ta ce a ba wa wanda ake tuhuma damar kare kansa da hujjar amfanin jama'a. A 2023 majalisa ta yi sabuwar dokar tsaron ƙasa, ba ta sa wannan gyara ba. Sashen da aka tuhumi Katharine Gun da shi yana nan yadda aka rubuta shi a 1989.

A nan za mu dasa aya. Ku aiko mana da ra'ayinku, musamman lauyoyi da ma'aikatan gwamnati da ke sauraronmu. Sai Allah ya kai mu mako mai zuwa, a huta lafiya.